Ƙasa Suka Ce, Iya

Litinin, da hantsi. Bazarar 1964

Yau ma ruwan rafi ja ya zo. Na cika tulu na ajiye don ya kwanta, har na gama shara bai kwanta ba, sai ka ce kunun jar dawa. Da shi zan yi tuwo, da shi zan yi wanka. Tun da kamfanin kuza suka tare ruwa a kan dutse suna wanke abin da suka haƙo, sai wanda suka gama da shi ke gangaro mana.

Ba ruwan ne ya fi ci mini rai ba, ramin yumɓu ne. Yana gindin dutse, daidai ƙarƙashin inda suke jibge ƙasar da suka wanke, kuma tsibin kullum ƙara tsawo yake. Duk tukunyar da aka taɓa ginawa a ƙauyen nan daga ramin ta fito, kuma Iya ce ke riƙe da shi. Asibi mai rami, haka ake kiranta daga nan har Ushafa, har kasuwar Bwari. In damina ta sauka tsibin nan yana inda yake, ban ga abin da zai hana shi rufe ramin ba.

Da na isa rafi mata suna hira, suna ganina suka yi tsit. Matan da ni na koya musu rubuta sunansu a ajin coci! Har Christiana, da muka tashi tare, sai ta sami abin dubawa a cikin ƙwaryarta.

Litinin, da yamma

Mijina ya dawo da sababbin takalman danƙo masu kai wa gwiwa. Wai an ba shi heluma, shi ke tsaya wa lebura a kai. Na ce Allah ya sanya alheri. Ya ajiye su a bakin ƙofa, jar laka har sama.

Laraba, da azahar

Sun sare ɗorawoyin gangare. Duka. Ina tsakar gida ina jin faɗuwarsu. Wai inuwarsu ta tare hanyar lambatun da za su ja. Da kalwar ɗorawan nan muke daddawa, da ɓawonta muke makubar da ake yayyafa wa tukunya in ta fito daga wuta don ta yi baƙi ta yi ƙarfi. Saiwarsu ce ke riƙe da gangaren, ko jinjiri ya san haka. Yanzu dutsen ya yi fayau, an sassabe ciyawa, an ɓare masa fata, ana hango jan tun daga hanyar Bwari.

Na kasa zama, na je na tare Christiana a bakin turmi. Na ce, “Me na yi muku?”

Ta ce, “Ke ba ki yi komai ba, Helen. Uwarki ce ta ba su.”

“Ta ba su me?”

“Ƙasa mana. Je ki tambaye ta. A gaban mutane ta ce su ɗiba.”

Na ce ƙarya ne, kuma na faɗi wasu maganganun da mai koyarwa a coci bai kamata ta faɗa ba. Ban yi nadama ba.

Alhamis, da safe

Na je wurin Iya. Na same ta tana zagaya randa tana ɗaga mata wuya, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje. Ba ta tsaya ba, tana zagayawa tana ba ni labari da yarenmu.

Kafin a fara haƙa, ran da na tafi Garki gaisuwar mutuwa, wani akawun kamfani mai suna Mato ya zo wurin mai unguwa. Mai unguwa, da yake ba ya son abin da zai taɓa rigarsa, ya ce gindin dutse na mata ne, a tambayi Asibi. Suka same ta a bakin rami. Mato ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce da Hausa, “Iya, ƙasa muka zo roƙo.”

To mu a nan, wanda ya zo roƙon yumɓu ba a hana shi. Ko daga ina yake, ko mun san shi ko ba mu san shi ba. Ya cika ƙwarya iyakar abin da kafaɗarsa za ta ɗauka, ya tafi, in ya gina ya aiko da tukunya ɗaya. Haka Iya ta gada. Kuma Hausar Iya ta kasuwa ce, ta ciniki da gaisuwa. A kasuwa in Bahaushe ya ƙwanƙwasa tukunya ya ce ƙasar nan mai kyau ce, yumɓu yake nufi. A yarenmu abin gina tukunya sunansa daban, abin da ake nomawa a binne mutum a ciki sunansa daban, ba mai haɗa su ko a mafarki. Hausa ce ta zuba su a kalma ɗaya.

Sai ta ce masa, “Ƙasa ba a hana shi. Ku ɗiba.”

Ta ce har mamaki ta yi da ta ga namiji da agogo a hannu yana son gina tukunya.

Na ce, “Iya, ba wanda ke wurin da zai juya miki maganar da yarenmu?”

Ta ce in miƙo mata tsumma.

Na sake tambaya. Ta ce randar nan in ta sha iska wuyanta zai tsage, in bar ta ta yi aikinta.

Juma'a, da rana

Ruwan rafi ja.

Asabar, bayan an tashi daga kasuwa

Na kai tukwane Bwari. Na haɗu da Asta mai nono, matar Jumare, da rugarsu ke bayan dutse. Ta rame. Ta ce shanu sun ƙi ruwan, waɗanda suka sha kuma cikinsu ya ɓaci. Wata karsana ta zurma cikin kududdufin da kamfani suka bari, laka ta riƙe ta har wuya, da ƙyar aka yanka ta kafin ta mutu. Jumare ya ce ba za su jira damina ba, za su yi kudu.

Na ce mata ana cewa Iya ce ta jawo. Ta riƙe baki.

Ta ce, “Subhanallahi, Malama. Ai ina wurin, na kawo wa tsohuwa nono. Da akawun ya yi magana ba ta amsa nan take ba. Juyawa ta yi ta tambayi na kusa da ita da Gwaranci. Ni ba na jin Gwaranci, amma na san tambaya in na ji ta. Shi kuwa bai amsa mata da Gwaranci ba. Da Hausa ya ce, ‘Ƙasa suka ce, Iya.’ Sannan ta ce su ɗiba.”

Na ce, “Wane ne na kusa da ita?”

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryarta. Ta ce, “Na ɗauka kin sani.” Sannan ta faɗi sunan.

Ba zan rubuta shi ba. Na dawo da tukwane biyu da ban sayar ba, ban ma san lokacin da na iso gida ba.

Lahadi, bayan sujada

Shi, mijin nawa, shi ya karanta nassi yau. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. Da Hausa ya karanta, sannan ya juya wa tsofaffi da yarenmu, kalma bayan kalma, ba wadda ya tsallake. Kowa na cewa ba wanda ya kai shi iya juya magana. Na zauna ina kallon bakinsa har aka tashi.

Iya ba ta zuwa coci, ba ta taɓa zuwa ba. Gara haka.

Litinin, da yamma

Na dafa, na ajiye masa, na fita.

Talata, da yamma

Na dafa, na ajiye masa, na fita. Ya ce wai me ke damuna.

Laraba, da sassafe

Yana sa takalman na tsaya masa a ƙofa. Na ce, “Da Iya ta tambaye ka yumɓu suke so ko me, me ka ce mata?”

Ya yi tsuru-tsuru, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Can ya ce, “Ƙasa suka ce, ƙasa na ce. Ban ƙara ba, ban rage ba.”

“Da wane yare ta tambaye ka?”

Ya sa ɗayan takalmin.

“Da wane yare ka amsa?”

Sai ya ɗaga murya, wai ban san duniya ba. Wai kamfani da izininsu suka zo tun daga Kaduna, Sarkin Abuja ma ba zai iya hana su ba balle wata tsohuwa. Wai tambayar ma ladabi ne kawai, don kada a ce ba a tambaya ba. Ko ta ce a'a za su haƙa, gara a ce ɗan gida na ciki yana sa ido.

Na ce, “To me ya hana ka bar ta ta ce a'a ɗin? In za su ƙwace su ƙwace, a san ƙwacewa suka yi. Yanzu kowa na cewa ita ta bayar.”

Ya ce zai makara.

Iya fa, ita ta gina randar da aka kawo ni gidansa da ita. Ta san abin da ya yi, ta rufe bakinta don kada aurena ya tsage. Wannan ma haushi yake ba ni. Wa ya ce mata ina so?

Asabar, da la'asar

An yi taro a ƙofar mai unguwa, don ni na matsa sai da aka kira Mato. Ya zo da mutumin nawa a bayansa.

Iya ta tashi ta yi magana da Hausarta, ta ƙi yarda kowa ya juya mata. Ta ce, “Malam, ni ya ce ku ɗiba, ban musa ba. Amma ƙasa na mu, iyakar kafaɗa ne. Mutum ɗaya, kafaɗa ɗaya. Wanda ya wuce kafaɗa, ku mayar.”

Mato ba mugun baki gare shi ba, na ba shi wannan. Amma dariya ta kama shi. Ya ce, “Iya, ai leburorinmu a ka suke ɗauka, ba a kafaɗa ba. Ba mu taɓa dokarki ba ke nan.” Waɗanda suka rako shi suka kwashe da dariya. Har wasu namu suka yi murmushi, marasa kunya.

Ba su san abin da suka taɓa ba. Mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. Kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, ya isa haka, ba a ƙara masa itace ko tulu. Ina yarinya na taɓa ɗora ƙwarya a ka ina kwaikwayon tafiyar masu tallan nono, marin da Iya ta yi mini har yau kunnena bai manta ba. Ta ce kan 'yarta ba jaki ba ne.

Iya ta jira suka gama dariya. Ta ce to ta ji, abu ɗaya take roƙo, a kwashe tsibin nan daga saman rami kafin ruwa. Mato ya ce za a yi masa shinge da duwatsu, heluma zai kula da shi. Ya juya ya ce, “Ko ba haka ba, heluma?” Aka ce haka ne, ana kallon ƙasa.

Mai unguwa ya ce to an daidaita, Allah ya ba mu zaman lafiya. Ban ga abin da aka daidaita ba.

Litinin, da hantsi

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na je na ga shingen. Duwatsu ne aka jera, tsawonsu bai kai ƙuguna ba, a gaban tsibin da ya fi rufin coci.

Na ce wa Iya mu tara mata mu kwashi yumɓu yini guda, mu jibge a gidaje, ko na shekara ne mu samu. Ta ce a'a. Kowa ƙwarya ɗaya ran ɗiba, kamar kullum. Na ce Iya, su suna kwasar dutse guda da kwano ɗari, ke kina auna mana da kafaɗa? Ta ce in ita ma ta yi haka, da wane baki za ta ce sun yi laifi. Na ce bakin da ba wanda ke saurare. Ta ce in fita mata daga gida.

Na fita. Wallahi wani lokaci taurin kanta ya fi na kamfani ƙona mini rai.

Laraba, da azahar

Su Asta sun tashi. Na hango shanun suna bi ta bayan dutse. Ba mu yi sallama ba.

Alhamis, da rana

Hadari ya taso ya watse.

Juma'a, da rana

Ya taso ya watse. Manoma na roƙon ruwa, ni ina roƙon kada ya zo. Allah ya gafarta mini.

Lahadi, da la'asar

Ya zo.

Litinin, da safe

Jiya ban iya rubuta fiye da kalma biyu ba. Ana fitowa daga coci ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da can in an yi irinsa, ciyawa da saiwoyi ke shanye shi, sai washegari rafi ya cika a hankali. Jiya ba abin da ya tare shi. Muka ji ƙara daga dutse, ba ta tsawa ba, wata mai nauyi da ake ji a tafin ƙafa.

Da ya tsagaita muka fita. Ba rami. Ba ma a gane inda yake. Yashi da tsakuwa da jar laka sun shimfiɗe tun daga gindin dutse har gonar doyar maƙwabcinmu Andrew, kunyoyin da ya yi duk sun nutse. Duwatsun shingen na can cikin rafi. Maza suka caka gora mai tsawo, ba ta taɓo yumɓu ba. Ko an haƙa ma, ya gauraye da yashin wanki, ba zai ginu ba.

Ba wanda ya mutu. Kowa sai faɗi yake, an gode Allah ba wanda ya mutu.

Iya ta tsaya a bakin lakar har ƙafafunta suka nutse. Matar Andrew ta wuce ta gabanta ta tofar da yawu. Na yi kanta, aka riƙe ni.

Talata, da yamma

Kamfani sun huta yini ɗaya. Yau sun koma.

Alhamis, da yamma

Mutumin nawa ya ce za a duba maganar gonar Andrew. Na ce ramin fa? Ya ce rami ba gona ba ne, ba a san yadda za a lissafa shi ba. Na kwashe tabarmata na koma ɗakin girki.

Talata, da safe

Yumɓun Iya ya ƙare. Jiya ta gina 'yar tukunyar miya da ragowar, ta kankare ƙwarya har da farce. Ta ce gobe in raka ta ƙetaren kogin Usuma wurin Hansatu, mai riƙe da ramin can. Tun Iya tana budurwa ake zuwa roƙo wurinta, ita ba ta taɓa zuwa wurin kowa ba. Ta ce ba komai, shekarar da ruwa ya cika ramin su Hansatu damina guda suna ɗiba a namu.

Na ji sanyi kaɗan. Ko banza za ta sami abin taɓawa.

Laraba, da yamma

Mun je.

Hansatu ta rungume Iya, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa fari tas, har na tsaya ina kallonsa. Suka yi hirar jikoki. Sannan Iya ta tura ƙwaryarta gaba, ta yi roƙo yadda ake yi, da yarenmu, da ainihin sunan abin, ba wata Hausa a ciki.

Hansatu ta dubi ƙwaryar. Sai hawaye. Ta ce, “Yaya Asibi, tun da muka ji abin da ya same ku, gari ya zauna. An ce daga yau ba mai ɗiba sai wanda aka haifa a nan. Kowa ya zo, da kowane yare ya roƙa, a ce a'a. Na ce ko Asibi? Aka ce in an buɗe wa ɗaya an buɗe wa duka.”

Na miƙe zan yi magana, Iya ta riƙe mini zane. Ta ce, “Kun yi daidai.” Ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a kafaɗa, ta yi godiyar ruwa.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka iso bakin gari, inda mata ke daka, ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar daga kafaɗa, ta ɗaga ta da hannu biyu, ta ɗora a ka.

Na ce, “Iya!” Na kai hannu.

Ta ce, “Bar shi. Kan nan bai yi aikin da za a hutar da shi ba.”

Tabarya ta tsaya a kowane turmi. Christiana ta toshe baki da zane. Iya ta bi ta tsakiyarsu, hannu ɗaya na tallafe da ƙwaryar don ba ta iya ba, tana ta zamewa. Hanyar gidanta ta ƙofarmu ta bi, shi kuma yana zaune yana kankare laka daga takalmansa.

Enoch. Mijina. Ga shi na rubuta sunan. Na tsaya a kansa na ce da yarenmu, yadda har na bakin turmi za su ji, “Enoch, ran da Iya ta tambaye ka me suke roƙo, wanne ne cikin biyun? Faɗa mata yanzu da yaren da ta tambaye ka.” Ya dubi ƙwaryar da ke kanta, ya koma kan takalmansa.

Iya ko waiwaye. Ta nufi ɗakinta. Ƙofofinmu gajeru ne, ba a yi su don mai kaya a ka ba. Ƙwaryar ta bugi saman ƙofa, ta faɗo, ta rabe biyu. Ta shige ciki ta bar ta a nan.